Wane Fanni Zai Kai Ɗan Maraɗi Ga Ƙera Gem?

Da damina, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, hirar fadojin samari a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi takan sauya. A ɗan jingine gardamar Real Madrid da Barcelona, a koma tambayar juna inda kowa zai kai takardunsa. Wannan ya ce likitanci, wancan ya ce aikin gona, wani ya ce shi dai Allah ya sa ya shiga duwan. Ba a rasa wanda zai yi ta jujjuya kofin shayi bai ce uffan ba, don abin da ke ransa ba ya faɗuwa a gaban manya: gem yake so ya ƙera. Bugawa kam ya daɗe da gwanancewa, tun yana tara 'yan canji yana kai wa mai PlayStation na bakin layi. Yanzu so yake ya san yadda ake haɗa abin, ya kuma ci abinci da shi.

Burin yana da tushe. Wani rahoto da kamfanin binciken kasuwa na Newzoo ya fitar tare da kamfanin Carry1st a 2021 ya nuna masu buga wasannin bidiyo a Afirka kudu da Sahara sun tashi daga miliyan 77 a 2015 zuwa miliyan 186, kuma kashi 95 cikin 100 a waya suke bugawa. Wanda ya san Maraɗi ba sai ya ga rahoto ba: ɗan kabu-kabu mai jiran fasinja yana kan Free Fire, a tsakar gida ana Ludo King, yaron shago yana murza Candy Crush kafin mai saye ya leƙo. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, Ludo King daga Indiya ya fito, Candy Crush kuwa na kamfanin King ne da aka kafa a Suwidin. Katin da ake sa wa waya na nan ne, lokacin da ake ɓatarwa ma na nan ne, ribar kuma ta tafi can.

Sai dai mai wannan buri zai fara cin karo da cewa ƙera gem ba sana'a ɗaya ba ce. A garin Angulem na Faransa akwai makarantar gwamnati mai suna Enjmin da aka kafa domin wannan aiki, kuma a matakin masta ta raba ɗalibanta gida shida: masu rubuta manhaja, masu zane, masu sauti, masu tsara dokokin wasa, masu nazarin yadda wasan ke zama a hannun mai bugawa, da masu jan ragamar aikin. Kowa da fanninsa yake shiga, sannan a haɗa su ƙungiya-ƙungiya su fitar da wasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya karanta sunayen da ke gudu a ƙarshen fim ɗin Kano ya san tsarin. Darakta daban, mai ɗaukar hoto daban, mai tacewa daban, kuma babu mai zuwa wurin furodusa ya ce shi "fim" ya iya. Sai ya faɗi abin da hannunsa ke yi.

A Nijar, rabin zaɓin an yi shi tun yaro bai san yana zaɓe ba. Ranar da ya gama kwaleji aka tura shi ɓangaren A ko na C a lise, hanya ta fara rabuwa. Ɗan C ya sha lissafi da fiziks har ya ƙoshi, ɗan D, reshen da ke ballewa daga C daga baya, ya samu nasa rabon tare da kimiyyar halittu, ɗan A kuwa adabi da harsuna da falsafa ya tashi da su. Wanda ya bi ta lisen fasaha ta Ɗan Kasawa ya fito da bak na E ko F ko G, ya saba da waya da ƙarfe ko lissafin kuɗi fiye da takwaransa na lisen Ɗan Baskore. A cikin waɗannan haruffa babu wanda ya hana mutum shiga harkar gem. Amma kowanne ya buɗe wasu ƙofofin jami'a ya rufe wasu, kuma gara a san haka kafin a cika takarda.

Ƙofofin da ke kusa ba su da yawa. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram, aka kuma sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a 2014, tana da sashen kimiyya da fasaha, da na aikin gona da muhalli, da na kiwon lafiya, da cibiyar IUT mai horar da ƙwararrun fasaha. Akwai jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, da ke garin tun 2013, inda Ingilishi ke da babban matsayi. Wanda iyayensa za su iya riƙe shi a Yamai yana da jami'ar Abdu Mumuni, da makarantar EMIG, da IAI mai koyar da ilimin kwamfuta. Jami'ar Doso ta karkata ga fasahar sadarwar zamani. A ƙetaren iyaka kuma ga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a ɗaya Zariyar, ta Zazzau.

Ɗalibi zai zagaya sassan jami'ar Ɗan Dikko duka bai ga allon da aka rubuta "gem" a kai ba. Wannan ba babbar asara ba ce kamar yadda yake zato. Alexey Pajitnov, wanda ya ƙirƙiro Tetris a tsakiyar shekarun 1980, mai lissafi ne a wata cibiyar kwamfuta ta gwamnati a Mosko. Shigeru Miyamoto zanen kayan masana'antu ya karanta a Kanazawa, ya shiga Nintendo a 1977 a matsayin mai zane, bayan shekara huɗu ya fitar da Donkey Kong. Eyram Tawia na Gana ilimin kwamfuta ya yi a jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ya mai da aikinsa na kammala digiri wasan bidiyo, sannan a 2009 ya haɗu da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa kamfanin da yau ake kira Leti Arts. Hugo Obi, wanda ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, ta ƙofar kasuwanci da harkar kuɗi ya shigo. Dukansu wani abu guda suka fara riƙewa da ƙarfi, suka shigo da shi.

Darasi daga ramukan dara

Idan za a ba ɗan C ko ɗan D shawara ɗaya, to ya riƙe rubuta manhaja, ya kuma riƙe lissafin da ke ƙarƙashinta. Dalilin yana bayyana da zarar an ɗauki wasan da kowa ya sani aka ce a sa shi a waya.

A ɗauki dara, wadda dattawa ke yi a gindin bishiya daga Tibiri har Jiratawa. Yadda aka fi yin ta, ramuka 30 ne, layi biyar kowanne da shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye wancan da duwatsu. A fara da zubi, kowa ya aje ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin ba. In an gama a shiga tafiya, rami ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Yaro ɗan shekara goma yana gane wannan a zama guda. Kwamfuta kuwa ba ta gane komai sai an farfasa mata. Yaya za a aje ramukan a ƙwaƙwalwarta? Bayan kowane motsi, ta yaya za ta duba ko an jera uku ba tare da ta ɗauki huɗu a matsayin uku ba? In mutum ya rasa inda zai motsa fa? Kuma da yake dokokin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, dole a gina manhajar yadda za a canza doka ɗaya ba tare da sauran sun rushe ba.

Duk wannan somin taɓi ne. Babban aikin shi ne koya wa wayar ta kara da mutum. Hanyar da aka saba ita ce ta hango gaba: in na yi nan zai yi can, in ya yi can zan yi nan. A ƙaddara kowane juyi akwai motsi goma da za a iya yi. Hangen juyi biyu ya zama yanayi 100, juyi huɗu 10,000, juyi shida miliyan guda. In hangen ya ƙara zurfi, wayar jika talatin ba za ta lissafa shi ba sai ta yi zafi mai ita ya gaji da jira. Dole mai rubutun ya san dabarar datse rassan da tun farko an ga ba za su kai ko'ina ba, ya kuma san yadda zai auna wane yanayi ya fi wani kyau, abin da tsohon ɗan dara ke yi da kallo ɗaya. Waɗannan su ne darussan da ɗalibai ke hamma a kansu a ajin tsara matakan lissafi da na tsarin adana bayanai. Teddy Kossoko, ɗan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ya karanta kwamfuta a Tuluz, da irin wannan ya fara: ya ɗauki kisoro, wasan ramuka da tsakuwa na ƙasarsu, ya mai da shi wasan waya a kamfaninsa na Masseka. Ludo King ma, da aka sauke fiye da sau miliyan 500, tsohon wasan allo ne aka sa masa sabuwar riga a 2016.

Wasan da ke da gudu da tsalle kuma nasa lissafin daban. Don ido ya ga motsi sumul, allo yakan sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, wato duk abin da za a lissafa dole ya ƙare cikin ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa. Tsallen da jarumi ke yi shi ne wannan lanƙwasasshen layi na jifa da aka zana a darasin fiziks na ajin ƙarshe. Inda ƙwallo za ta nufa bayan ta bugi turke lissafin kusurwa ne. Juya mutum-mutumi a fili mai tsawo da faɗi da zurfi aikin matiris ne. Ɗalibin da ya yi lasisin lissafi ko na fiziks a Maraɗi, yana koyon rubuta manhaja da dare, ya fi kusa da wannan aiki fiye da wanda ya haddace maɓallan wata manhaja a horon wata uku.

Maganar maɓallai ta kawo maganar injin wasa, wato babbar manhajar da ake gina gem a cikinta. Matasa sukan ɓata watanni suna gardamar wanne ya fi. Unity da harshen C# yake aiki, Unreal da C++, Godot kuma yana da nasa harshe mai kama da Python. A watan Satumba na 2023 kamfanin Unity ya wayi gari ya ce zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowace saukewa da aka yi wa wasu daga cikin wasannin da aka gina da injinsa. Masu ƙera wasa a duniya suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, bayan shekara guda aka soke tsarin baki ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda suka san tushen aikin sun kwashe kayansu sun koma wani injin cikin makonni, waɗanda Unity kaɗai suka sani kuwa suka zauna jiran hukunci.

A Maraɗi ma ba sai an yi doguwar gardama ba, na'urar da ke hannu ita ke yanke hukunci. Unreal yana son kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto, irin wadda kuɗinta zai sayi babur. Tsohuwar kwamfutar cinya da aka sayo ta hannu ba za ta ɗauke shi ba. Godot, wanda 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake wa duniya kyauta a 2014, ƙarami ne, ba ya cin data wajen saukewa, har a wayar Android ana iya buɗe shi a yi aiki. Ga kuma wuta. Maraɗi tana shan tata ne ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma mutanen garin ba su manta da abin da ya faru daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 ba. Kamfanin Kiro'o na Olivier Madiba a Yawunde ya sha irin wannan wahala ta ɗaukewar wuta kafin ya fitar da wasansa Aurion a Afrilun 2016, bayan ya tara sefa miliyan 120 ta hanyar sayar wa ɗaiɗaikun mutane hannun jari. Wanda zai yi wannan sana'a a nan, batir mai riƙe caji ya fi masa allo mai faɗi amfani.

Masu alƙalami da masu kunne

Wasan da aka fi ambata a matsayin na farko da aka ƙera a Nijar ta hannun mai zane ya fito. Mahaman Sani Housseyni Issa, na kamfanin MOGMedia a Yamai, yana da jarumi mai suna Shamsu da ke samun ƙarfinsa daga rana, shi ya sa a wasan waya mai suna Les Héros du Sahel. Wannan ya isa ya ƙarfafa gwiwar yaron da malamai suka sha kamawa yana zane a bayan littafin lissafi.

Hanyarsa dai ta fi kaɗaici, domin galibin abin da zai koya da kansa zai koya. Sa'arsa ita ce kayan aikin kyauta ne. Krita na zanen hannu ne, Blender na sassaƙa siffofi masu zurfi da motsa su. Kada a raina Blender don ba a biya ba: da shi Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya haɗa fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025. Amma zanen gem ba zanen ratayewa a bango ba ne. Jarumi guda yana buƙatar a zana tafiyarsa da gudunsa da faɗuwarsa, kowanne hoto-hoto, duka kuma su shiga cikin ɗan wurin da wayar talaka ta rage bayan bidiyon biki da wa'azi sun cinye sauran. Tun 2022 kuma, da injunan zane irin su Midjourney suka bazu, kasuwar mai zana kyakkyawan hoto guda ta yi sanyi. Wanda ake nema shi ne mai iya sa wa siffa ƙashi ta motsa, ya rage mata nauyi, ya shigar da ita cikin injin da kansa ba tare da ya jira mai manhaja ba. Irin wannan mutum mai ƙafa biyu yana da wuyar samu ko a manyan kamfanoni.

Sauti fanni ne da ƙananan ƙungiyoyi ba sa iya ɗaukar mutum dominsa kaɗai. Wanda ke da kunne ya haɗa shi da wani abin. Amma ya sani kalangu da gurmi da goge da hayaniyar babbar kasuwa suna bakin ƙofarsa, waya da manhajar Audacity sun isa a fara tara su.

Fannin da kowa ke so

A tambayi masu wannan buri me suke so su zama, mafi yawansu za su kwatanta mai tsara wasa ko da ba su san sunan aikin ba: wanda ke da labarin a kansa, yana faɗa wasu suna aikatawa. Nan ne aka fi yin kuskure. Babu kamfanin da ke ɗaukar sabon yaro don yana da dabara a ka, kowa a wurin yana da tasa guda goma. Aikin mai tsarawa na ainihi ya fi kama da na alƙalin wasa da ke rubuta doka, ya gwada ta a kan mutane, ya ga inda ta gaza, ya sake.

Kokowa za ta nuna nauyin abin. Gasar takobi ta ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, tana tara 'yan kokowa 80, goma daga kowace jiha, tana kuma tsai da ƙasar cak a gaban rediyo da talabijin. Duk matashin da ya yi tunanin gem na gida ya yi tunanin wannan. To amma wasannin faɗa da ya saba da su, irin su Tekken, an gina su ne a kan ma'aunin ƙarfi da ke raguwa da kowane naushi. A kokowa kaye ɗaya ya raba gardama, wani karon cikin 'yan daƙiƙu. In aka kwaikwayi Tekken, an bar kokowa. In aka bi kokowa sak, mai bugawa zai faɗi kafin ya gyara zama, ya goge wasan. Mai tsarawa shi zai gano cewa daɗin yana cikin abin da ke gaban kayen: zagayen juna, neman kamu, ɗibar ƙasa, kirari, zugar makaɗa, da wannan jiran da ke sa filin ya yi tsit. Yadda za a mai da wannan abin da babban yatsa zai yi a kan gilashi, shi ne aikin. Ana iya fara gwada shi da kwali da 'yan duwatsu, ba kwamfuta ba wuta. Amma ranar da za a nuna wa wani, sai an gina, shi ya sa masu tsarawa da yawa daga manhaja ko zane ko gwajin neman kurakurai suka taso.

Ɗan A yana da wurinsa, in ya yarda ya ƙara wata sana'ar a kai. Tarihin da ke kewaye da shi ya ishi wasanni da yawa: Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawan da suka kafa Tibiri a shekarun 1830, hare-haren zamanin Ɗan Baskore, sarautar Inna a Gobir, ambaliyar 1945 da ta sa garin ya bar kwari ya hau tudu. Kamfanin Ubisoft yana ɗaukar masana tarihi aiki don jerin wasanninsa na Assassin's Creed. Ga kuma harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Sa Hausa a cikin gem yana da nasa ƙananan tarkuna: salon haruffa da yawa da masu zane ke so ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai su fito a allo kamar akwatuna, jimlar da ta shiga maɓalli da wani harshe kuma ta yi masa yawa da Hausa. Ko ɗalibin aikin gona bai fita daga lissafi ba. Wanda ya san yadda ake rabon ruwa a fadamar Jiratawa, da lokacin yankan zogale, da yadda farashi ke faɗuwa in kowa ya kawo kaya rana ɗaya, yana riƙe da dokokin wasa cikakku. Stardew Valley, da aka sayar fiye da kwafi miliyan 30, wasan noma ne. Eric Barone, wanda ya gama digirin kwamfuta ya rasa aikin da yake so, shi kaɗai ya yi rubutunsa da zanensa da kiɗansa cikin shekara huɗu da rabi, yana aikin nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasa don ya samu na cefane, kafin ya fito da shi a 2016.

Ana yawan kawo labarin Barone don a ce mutum ɗaya ya isa. Ana mantawa da cewa da digirinsa a aljihu ya shiga ɗakin.

Abin da za a gaya wa Alhaji

Uban da ya ji ɗansa ya ce gem zai karanta, ya ɓata rai, ba jahilci ke damunsa ba. Yana ganin yara suna kwana a kan waya, yana kuma jin ƙanshin caca a lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. A 2018 hukumomin Beljiyam suka ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a cikin wasu wasanni caca ce, suka hana. Wanda zai ƙera wasa a gari irin Maraɗi zai yanke wa kansa hukunci tun wuri a kan hanyar da kuɗi za su shigo masa, don unguwa za ta tambaye shi.

Tsoron uban na biyu, na abinci, ya fi ƙarfi. A watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga ɓangaren wasanninsa, Unity ya sallami kusan 1,800. A wannan watan ne kuma Sony ya zuba jari a Carry1st, a shekarar ce Maliyo ya fitar da wasan girki na Iwájú tare da Disney. Kasuwar Afirka tana tasowa, amma kujerun da ke cikinta kaɗan ne, kuma suna Legas da Nairobi da Kef Tawun da Dakar. Shi ya sa yaron da ya ce "Baba, infomatik zan karanta" bai yi ƙarya ba, ya kuma yi wa kansa gata. In gem bai biya ba, mai manhaja zai yi wa banki ko kamfanin aika kuɗi ko ɗan kasuwa aiki. Mai zane zai yi tallace-tallace da zanen gidaje da katin biki. Wanda bai iya komai ba sai "tsara wasa", shi ne zai dawo gida hannu rabbana. Ga ɗaliba mace ma, wadda gidan gem na unguwa ba wurin zuwanta ba ne, wannan hanya ta fi sauƙin karɓuwa a gida, tunda aikin a ɗaki ake yin sa.

Ingilishi kuma ba zaɓi ba ne. Littattafan bayanin injunan nan da shi aka fara rubuta su, horon GameUp Africa da Maliyo ya fara da tallafin Google a 2021 ta intanet ma da shi ake yi. Ɗan Maraɗi, da ke da Katsina a bayan gida, ya fi ɗan Yamai damar goge bakinsa.

Wanda har yanzu bai san fanninsa ba, akwai gwaji mai arha. Tun 2009, kowane watan Janairu ana yin Global Game Jam, inda mutane a ƙasashe da dama ke taruwa ƙungiya-ƙungiya, a ba su jigo ɗaya, su ƙera wasa cikin awa 48. Makaranta ko ƙungiya tana iya neman a yi rajistar wurinta. Ko ba a shiga na duniya ba, mutum huɗu da kwamfuta biyu za su iya yanka wa kansu kwana biyu. Zuwa daren farko za a ga wanda ya manta da abinci yana bin kuskuren da ya hana jarumi tsalle, da wanda ke ta gyara kalar rawani, da wanda ya ɗauki takarda yana cewa a yanke wannan, lokaci ba zai isa ba. Na ukun nan ma fanni ne, kuma ana biyan kuɗi a kansa.

In wasan ya kammalu, saura kai shi hannun mutane. Buɗe shago a Google Play dalar Amurka 25 ne sau ɗaya, wajen jika 14 zuwa 15 gwargwadon canji, kuma sai da katin banki mai biya a waje. Sabon asusu na mutum ɗaya sai ya samu masu gwaji 12 sun riƙe wasan kwana 14 kafin a bar shi ya fita fili. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, dala 100 yake karɓa a kan kowane wasa. A Maraɗi kuwa hanyar da ta fi sauri ita ce wadda fina-finai da waƙoƙi ke bi, daga waya zuwa waya ta Xender, ko ta shagunan masu turawa a katin ajiya. Ta nan wasa zai kai Tibiri da Jiratawa cikin mako, amma ko dala ba za ta dawo wa mai shi ba, kuma wayar da ba ta kan intanet ba ta nuna talla. Saboda haka kuɗin farko da mai ƙera gem a nan ya fi tsammani na kwangila ne: makaranta mai son wasan koyon karatu da Hausa, ko ma'aikatar lafiya, ko ƙungiyar manoma. Su kuwa kafin su sa hannu, za su ce a nuna musu wanda aka taɓa gamawa.